Daga Madugu Zuwa Manaja: Sunan Mai Riƙe da Aiki a Kasuwannin Maiduguri

A Maiduguri in aka ce "ofireshan", abu biyu ne ke zuwa wa mutum a rai: soja ko asibiti. Garin da ya ga Operation Lafiya Dole tun 2015, ya kuma ga an sauya mata suna zuwa Operation Haɗin Kai a 2021, da wuya ya ji wannan kalma ya tuna da shago. Mai jinya a Asibitin Koyarwa kuwa tiyata yake nufi. Amma a tallan neman ma'aikata na bankuna da kamfanonin sufuri da ƙungiyoyin agaji akwai muƙamin da ake kira manajan ofireshan, kuma masu karatun kasuwanci a manyan makarantu suna da darasi sukutum a kan wannan fanni. Ɗalibi ya ci jarrabawa ya dawo gida, mahaifinsa mai shago a Kasuwar Monday ya ce masa, "To, me ke nan da Hausa?" Sau da yawa a nan maganar ke tsayawa.

Tambayar tana da nauyi, domin aikin da ake nufi shi ne duk abin da ke tsakanin shigowar kaya da isarsu hannun mai saye. Ɗauki gidan burodi. Maigida ya zuba jari, akawu yana riƙe da lissafi, masu talla suna neman kasuwa. Saura wa zai san buhun fulawa nawa za a kwaɓa yau, ƙarfe nawa za a hura tanda, sukari da yis da man janareta za su kai kwana nawa, wace keke za ta bi Gwange wace za ta bi Bulumkutu domin burodi ya riga masu shayi isa tebur bayan sallar Asuba, kuma in an dawo da kwantai, laifin kwaɓi ne ko na rabo? Wanda ke amsa waɗannan tambayoyi kullum, shi ne mutumin da muke nemar wa suna. Ribar gidan ko asararsa a hannunsa take fitowa, ko da kuɗin ba nasa ba ne.

Turawan ma ba su daɗe da ware aikin su raɗa masa suna ba. A 1911 wani injiniya ɗan Amurka, Frederick Taylor, ya fitar da littafi a kan tsara aiki bisa awo, bayan ya daɗe yana tsayawa a kan leburorin masana'antar ƙarfe da agogo a hannu yana ƙirga motsinsu. A 1913 Henry Ford ya kafa layin haɗa mota mai tafiya a kusa da Detroit, ma'aikaci na tsaye aiki na zuwa gabansa, har lokacin haɗa gangar mota ya sauko daga sama da awa 12 zuwa kamar awa ɗaya da rabi. A Yaƙin Duniya na Biyu sojan Birtaniya suka ɗauko masana lissafi suka ba su tambayoyi irin su: jiragen ruwa nawa ya kamata su tafi a ayari ɗaya domin a rage waɗanda abokan gaba ke nutsarwa? Dabarun da aka samo a nan, bayan yaƙi, kamfanoni suka gada. Ashe kunnen mutumin Maiduguri da ke jin ƙamshin soja a kalmar bai yi kuskure ba. Daga baya a Japan, Taiichi Ohno na kamfanin Toyota ya gina tsarin da ba a ƙera abu ko a kawo shi sai lokacin da ake bukatarsa, don kada kuɗi su kwanta a sito. Zan dawo kan wannan, saboda a nan ne littafi da hanyar Damaturu suka saɓa.

Masu fassara sukan ce "gudanar da ayyuka". Asalin kalmar mai kyau ne ƙwarai. Ruwa ne ke gudana, kuma abin da fannin ke nema ke nan: kaya su shigo, su wuce, su fita, ba tare da sun taru a wuri ɗaya sun toshe ba. Sai dai rediyo da ofisoshin gwamnati sun tsufar da ita. Ana gudanar da taro, ana gudanar da bincike, ana gudanar da zaɓe, ana gudanar da addu'a, akwai kwamitin gudanarwa a kowace ƙungiya. In ka ce wa ɗan kasuwa ɗanka ya karanta harkokin gudanarwa, zai ɗauka a sakateriya zai nemi aiki. "Sarrafa", wadda muka aro daga Larabci, ta fi kama ƙasa: ana sarrafa alkama ta zama fulawa, ana sarrafa fata ta zama takalmi. Ta dace da masana'anta. Amma a tashar Borno Express ba a sarrafa komai, alhali tsara wace mota za ta tashi, wace za ta shiga gareji, wane direba zai huta, shi ne ainihin wannan aiki. Haka a asibiti, haka a otal.

Ita kuwa kasuwa tana da nata kalmomin, kuma kusan dukkansu aikatau ne. Za ka ji an ce, "Shi ke riƙe da shagon." Ko, "Wa ke tafiyar da wurin yanzu?" Ko, "Komai a hannunsa yake." "Juyawa" ta kuɗi ce, wannan ta mai jari ce. Kasuwa ta san aikin sarai, tana kuma gane wanda ya iya da wanda bai iya ba. Abin da ba ta ba shi ba shi ne suna irin na sana'a, yadda ake cewa tela ko maƙeri ko direba.

Da can akwai sunan. Ayarin fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro, wanda masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi littafi a kansa a 1980, yana da madugu. Madugu ne ke tsayar da ranar tashi, ya zaɓi hanya, ya san zangon da ke da ruwa da ciyawa, ya daidaita tafiya da ƙarfin jakuna, ya zauna da sarakunan hanya a yi cinikin kuɗin wucewa, ya raba faɗa tsakanin fatake. Yana da mataimaka, akwai jagaba mai shiga gaba, akwai uban dawaki. Babban abin lura shi ne yawancin kayan da ke cikin ayarin ba na madugu ba ne. Kowane falke da jarinsa. An bi madugu ne don ya san hanya, ya san mutane, ya san lokaci, kuma ana biyansa don wannan sani. Wato kakanninmu sun raba mallakar kaya da tafiyar da aiki, suka ba na biyun muƙami da girma da lada, tun kafin a haifi Taylor. Borno ma ƙasar ayari ce, mai hanyar da ta bi ta Bilma da Fezzan zuwa Tarabulus. Gustav Nachtigal, Bajamushen da ya iso Kukawa a 1870, ya yi dogon bayani a kan babbar kasuwar birnin, wadda ran Litinin take ci. Shehu Abubakar Garbai ya dawo da fada Yerwa, wato Maiduguri, a 1907, kuma har yau babbar kasuwar garin da sunan Litinin ake kiranta, ko da yake kullum take ci. Sunan ranar kasuwa ya rayu. Madugu kuwa ya bar kasuwa ya koma bakin 'yan jarida, inda ake cewa madugun 'yan adawa.

Wanda ya rage da ransa shi ne fatoma. Kalmar Kanuri ce, daga fato, wato gida, da ɗafin da ke nuna mai abu, kamar yadda yake a bulama. Maigida ke nan. Baƙon da ya kawo shanu ko hatsi ko kifi, wurin fatoma yake sauka. Shi zai ba shi makwanci, ya adana kayansa, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an sayi kayan bashi, ya bi kuɗin har su fito. Abner Cohen ya tarar da irin wannan tsari a unguwar Sabo ta Ibadan, a wurin masu gidan shanu da goro, ya rubuta shi a 1969. Dillali kuma daga Larabci yake, tushensu ɗaya da dalili: mai nuna hanya. Ladansa la'ada, ita ma Larabci, ma'anarta abin da aka saba. Waɗannan sunaye suna da iyaka bayyananniya. Kowa a Kasuwar Shanu ya san inda aikin dillali ya tsaya, ya san abin da za a ba shi. Amma dukkansu masu tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa ne. Na cikin gida, mai tsara aikin kansa, ba ya cikinsu.

Je kasuwar kifi ta hanyar Baga ran da ake lodi. Banda ta iso daga bakin Tafkin Chadi a kwalaye, hayaƙi ya kama komai har rigar jikinka. Kafin a ɗaure kwali, akwai wanda zai sa hannu can ƙasa ya zaro kifi ɗaya, ya karya shi, ya duba cikin, ya shinshina. In da sauran danshi, ba zai kai Anacha lafiya ba, a ware shi a sayar a nan gida. In ya bushe ƙwarai, kada a sa shi a ƙasan lodi, nauyi zai mayar da shi gari. A ɗaure da igiya, a rubuta alamar mai kaya da ta wanda zai karɓa a jikin kwalin, 'yan dako su ɗauka. Mutumin nan yana tsaye da ɗan littafi da ya sha maiƙo, waya a kunne, yana jin labarin hanya daga direban da ya tashi jiya, yana lissafin ko a jira motar ta cika ko a sallame ta da rabi saboda farashi ya tashi a Kudu. Duba inganci, tsara lodi, bin sawun kaya, auna jira da asara: babu babin littafin jami'a da bai taɓa ba kafin Azahar. Tambayi sunansa a kasuwa, za a ce maka, "Yaron Alhaji ne." Da furfurarsa, da 'ya'yansa a sakandare.

A kan wannan kalma ta "yaro" nake so mu tsaya. A harshen kasuwa ba shekaru take nufi ba, dangantaka ce. Akwai mutunci a cikinta wanda bai kamata a raina ba. Maigida na ƙwarai yana ci da yaronsa, ya yi masa aure, ya tsaya masa ran rashin lafiya, in lokaci ya yi ya yaye shi da jari. Manyan attajirai da dama a Arewa daga yaron shago suka faro, kuma ba sa ɓoyewa. Amma dubi abin da kalmar ke cewa: matsayi ne na wucin gadi, na wanda bai isa ba tukuna. Yaron da ya ƙware, hanyar ci gabansa ɗaya ce, ya fita ya buɗe nasa. Ba mu da sunan da zai ba shi damar ya zauna a matsayin gwani, a girmama shi don gwanintar, a biya shi daidai da ita. Saboda haka ranar da ya fi kowa sanin aikin ita ce ranar da gidan zai rasa shi. Wanda kuma bai samu jarin fita ba, ya tsufa ana ce masa yaro, ba ya iya yanke shawarar sayen man janareta sai ya buga waya. Ina ganin wannan na cikin dalilan da ke sa manyan gidajen kasuwanci su watse bayan rasuwar mai su. Magada sukan gaji shaguna da motoci da sito. Sanin yadda ake tafiyar da su yana kan wani mutum da ba a rubuta sunansa a ko'ina ba, wanda sau da yawa shi ake fara sallama.

Sai "manaja". Ta zo ne da kantunan Turawa, tare da 'yan uwanta: sito, lebura, heluma mai kula da leburori, kamasho, kwandasta. Jirgin ƙasa da ya iso Maiduguri a 1964 ya ƙara zaunar da irin waɗannan sunaye. Abin da ya faru da manaja a bakinmu shi ne ta zama sunan kujera. A gidan mai ko otal ko gidan ruwan leda, manaja galibi ɗan uwan maigida ne da aka ba makulli da akwatin kuɗi don an yarda da shi. Amana babban abu ce, kuma ba na ganin laifin mai kuɗin da ya fara neman ta. Amma mai tsaron kuɗi daban, mai tsara aiki daban. Idan injin ya tsaya saboda ba a yi masa sabis ba, ko motoci uku suka fita unguwa ɗaya aka bar wata ba ruwa, ba sata aka yi ba, kuma asarar tana iya fin ta sata. Ba wanda ake tambaya, don ba wanda aka ɗora wa.

Babu garin da ya kamata ya damu da wannan kamar Maiduguri, domin an jarraba ta da abin da ba ya cikin littattafan Amurka. A 2011 aka hana babura, duk mai rarraba kaya ya sake lissafi da keke. A 2013 aka katse layukan waya tsawon watanni, 'yan kasuwa suka koma aike da baki da takarda. A Janairun 2021 aka kayar da turakun wutar lantarki a hanyar Damaturu, aka gyara a Maris, cikin 'yan kwanaki aka sake kayar da su, garin ya daɗe a duhu. Tashar wuta mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, sai a Maris na 2023 aka buɗe ta. A tsakanin nan masu ƙanƙara da masu walda da masu niƙa da teloli kowa ya koyi abin da malaman fannin ke koyarwa da alli: tara aiki a yi shi a zama ɗaya, kada a tayar da janareta don mudu biyu, san awannin da suka fi ciniki, san kuɗin da kowace awa ke ci. Waɗanda suka tsira ba lallai su ne suka fi jari ba. Akwai masu jari da suka rufe, akwai ƙananan da suka riƙe.

Yanzu ga maganar Toyota. Tsarin kawo kaya daidai lokacin bukata yana tsaye ne a kan hanya mai tabbas. Daga Kano zuwa Maiduguri kusan kilomita 600 ne, kuma shekaru da dama ƙarshen hanyar, daga Damaturu zuwa gari, ana rufe shi da yamma. Mutanen Borno ba su manta da matafiyan da dare ya riske su a Auno a Fabrairun 2020 ba, Allah ya ji ƙansu. Hanyoyin Baga da Gamborun Ngala da Banki, waɗanda ta nan kifi da shanu ke shigowa, kaya kuma ke fita zuwa Chadi da Kamaru, sun sha rufewa da buɗewa. Ɗan kasuwar da ke wannan hali dole ya tara kaya, kuma yana da gaskiya. Malamin da zai ce masa ajiya ɓarnar kuɗi ce bai san garin ba.

Amma ajiyar ma tana da nata haɗarin, kuma garin ya gan shi sau biyu cikin shekara biyu. Ran 26 ga Fabrairu 2023, washegarin zaɓen shugaban ƙasa, gobara ta cinye Kasuwar Monday. Gwamnatin Babagana Umara Zulum ta sake gina ta. Ran 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga gari, ya shiga kasuwar, ya shiga sito-sito. Wuta da ruwa ƙaddara ce, ba mai ja. Sai dai kafin su zo akwai tambayoyin da ke hannun ɗan Adam. Kayan wata nawa ya kamata a tara? A wuri ɗaya ko a raba biyu? Abin da ruwa ke lalatawa, shinkafa da sukari da siminti, a ƙasa yake ko a kan katako? Littafin bashi yana cikin shagon tare da kayan, ko akwai kwafinsa a gida ko a waya? Wa ke da makulli da ikon kwashe kaya cikin dare ba tare da jiran Alhaji ya ɗaga waya ba? Duk waɗannan aikin mutum ɗaya ne, kuma a gidajen kasuwanci da yawa babu wanda aka kira aka ce masa, wannan naka ne.

A nawa hukuncin, sunan da ya fi dacewa da fannin shi ne ilimin tafiyar da aiki, mai yinsa kuma mai tafiyar da aiki. Kalmar tana bakin mutane tun da ma, ta shafi masana'anta da tasha da asibiti baki ɗaya, kuma tana ɗauke da tafiya, wadda ita ce sana'ar madugu. Zan so a ce madugu ta dawo kasuwa, amma ba a tilasta wa harshe. Manaja kuma ba za ta tafi ba, sai dai mu daina ɗauka duk mai makulli ya iya wannan aiki.

Kirana na farko ga malaman Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Ramat ne. Ku kai ɗalibanku hanyar Baga da Kasuwar Gamboru da Kasuwar Shanu su zauna da masu lodi, su rubuta abin da suka sani da Hausa da Kanuri, a koyar da shi kusa da Taylor da Ohno. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma su shirya wa yaran shago gajeren horo a kan ajiya da lissafin kaya da shirin ko-ta-kwana, da harshen da suke ji. Kai kuma Alhaji mai shago, ka san mutumin da in ya yi kwana uku bai fito ba komai ke tsayawa. Kira shi gaban 'ya'yanka da sauran yara ka faɗi matsayinsa, ka rubuta iyakar abin da zai iya yankewa ba tare da ya tambaye ka ba, ka yanka masa albashi ko kaso daga riba, ka kuma sa ya koya wa wani abin da ya sani tun kana da rai.